Malam Lawali Mai Ƙirgar Takaba

Taubashina Malam Lawali bai taɓa wuce gwangwanin tumatir a ƙasa ba. Ko gawa muke bi zuwa maƙabarta, in ya hango ɗaya a gefen hanya sai ya zame daga cikin jama'a, ya duƙa, ya kaɗe masa ƙasa, ya jefa aljihu, sannan ya cim mana da sassarfa, bakinsa bai daina salati ba. Ku mutanen Matameye kun san shi. Ana jin ƙararsa kafin a ga fuskarsa, ƙwaram, ƙwaram, kamar akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa.

Ba sayarwa yake yi ba. Bari in faɗa saboda baƙon da bai san garinmu ba. Mazanmu da an gama girbi sai Kano, sai Ikko, sai Fatakwal, cin rani. Wani can ajali ke samunsa, labari kuma ba ya isowa gida sai bayan sati biyu ko wata guda. Ita kuwa takaba, wata huɗu da kwana goma, daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Matar tana cikin kuka, ba ta karatu, ba ta san ranar ba. In ta fita da wuri, gari ya ɗauka cewa ta ƙosa. In ta daɗe, a shekarar yunwa kowace rana ta ƙari a ɗaka rana ce da 'ya'yanta za su wuni ba su ci ba. Lawali ne ke riƙe wa matan gari wannan lissafi, shekara da shekaru. Ba wanda ya naɗa shi, kuma ba wanda ya koya daga wurinsa. Duk mun san ya tsufa, amma ba mu taɓa tambayar wa zai riƙe bayansa ba.

Kowace mai takaba tana da gwangwaninta a kan kantar ɗakinsa, da tsakuwa huɗu da ƙwallon tsamiya goma a ciki. In wata ya cika mata, ya cire tsakuwa ɗaya. In tsakuwa ta ƙare, kowace magariba ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya jefa cikin wani tsohon kwanon sha da ke ƙasan kantar, ƙwal! Ran da gwangwani ya zama wayam, sai ya je ƙofar gidan ya yi sallama, ya ce, "A gaya wa mutanen ciki su yi wanka, Allah ya yaye."

Na taɓa ce masa, "Kai Lawali, ka rubuta suna a jiki mana."

Ya ce, "Sunan matar wani ya kwana ɗakina? Bari Haule ta ji ka!"

Haule uwargidansa ce. Shi dai da lotsewa da tsatsa yake gane gwangwanin kowa.

Ni na zauna Kumasi, na ga yadda suke manna hoton mamaci a bango da ranar mutuwarsa. Na zauna Abijan, inda komai sai da takarda da hatimi. Na bi ta Hartum zuwa Makka. Ban ga inda gari guda ya ajiye lissafin matattunsa a gwangwanin tumatir ba sai a gida.

Abin da ya sa mata ke tsoronsa kuwa, wani lokaci yakan cika gwangwani kafin labari ya zo. Wata safiya ya tsaya ƙofar Binta, matar Sale mai shayi a Ikko, ya ce, "Binta, yaushe rabonki da saƙon Sale?" Ta fito masa da muciya. Ya juya ya koma gida ya zuba tsakuwa huɗu da ƙwallo goma, ya ɗora a kanta. Bayan kwana tara direba ya iso da jakar Sale. Da aka bi ranar rasuwa, ita ce safiyar muciya.

Na ja shi gefe na ce, "Don Allah gaya mini gaskiya, wa ke faɗa maka?"

Ya ce, "Ba kowa. Gwangwanin ne ya yi nauyi a aljihu."

"Gwangwanin da ba komai a ciki?"

"Alhaji, duk yawon duniyar nan da ka yi ba ka san nauyi ba?"

Na so in gamsar da kaina cewa zaman tasha ne da yake yi, yana tsintar maganar direbobi. To amma a safiyar nan ba motar da ta shigo. Tun daga lokacin, in ya bi ta lungu ya ce "Sannunku da aiki," kafin ya rufe baki za ka ji mace daga bayan danga ta ce, "Lafiya lau, Malam! Jiya-jiya ma ya bugo waya!"

A shekarar da damina ta yi mana gardama, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai, sai suka kafa shinge a yamma da gari, daidai gindin tudun da Lawali ke hawa duban wata kowane ashirin da tara. Suka ga tsoho tsaye a kansu ya ƙura ido, suka sauko da shi. Shugabansu mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta da yawa, shi ya sa aka aiko mini in yi tafinta da Zabarmanci da Faransanci.

Ya ce, "Tambaye shi me yake leƙe."

Lawali ya ce, "Ce masa jinjirin wata nake nema. In shi ma sun haɗa da shi a juyin mulkin, su faɗa mini in koma gida."

Na juya na ce, "Ya ce yana yi wa sabuwar gwamnati fatan alheri."

Aka zazzage aljihunsa, ga gwangwani bakwai a ƙasa. Wani soja ɗan ƙasar nan ya matso ya raɗa wa shugaban nasu wani abu a kunne, na ga fuskarsa ta canza. Lawali ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya aza a tafin hannu kamar mai awo, ya dubi mutumin nan ya daɗe. Sannan ya ce, "Alhaji, tambaye shi, yana da iyali?"

Wallahi ban kai ga fassarawa ba aka ce mu tafi. Da wata ya zagayo, mun tarar sun kai masa benci kan tudun.

A hanyar gida na ce, "Me ka ji a gwangwanin?"

Ya ce, "Ba komai. Sallar magariba ce za ta wuce ni, na ga ba su da niyyar sakinmu."

A cikin ranin nan ne Mariyama, ɗiyar ƙanena, ta zo daga Damagaram, inda take koyar da aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wata ƙungiya mai rabon hatsi ta ba ta aikin gina kalanda a kan intanet, wadda za ta riƙa aika wa mutane saƙon tuni ta salula. Ta tara mu bayan la'asar a wani ajin lakwal, wato makarantar boko, ta buɗe na'urarta a kan tebur.

Ta ce, "Iyayena, abu uku kawai zan iya ginawa kafin damina. Sai mun fara sanin don wa ake yi, sannan mu san me zai zo farko."

Direktan lakwal ya ce tarurruka da ranakun jarrabawa. Wani ɗan kasuwa ya ce ranakun kasuwannin ƙauye, daga Tsauni har Ɗan Barto. Mariyama ta ɗaga wani kati ta karanta, ta fara da "mushe", yadda ake kiran malaman boko a nan: "Mushe Isufu, malamin lakwal, yana da salula, yana yawan manta taro. Irin wannan mutum muke yi wa."

Sai muka ji ƙwaram, ƙwaram daga ƙofa. Ba wanda ya gayyaci Lawali. Ya zauna kan bencin yara, gwiwarsa har haɓa.

Ya ce, "Mariyama, wannan Isufun ɗan wane gida ne?"

"Ba ɗan kowa ba ne, Baba Malam. Ƙirƙirarsa na yi, don mu riƙa tuna wanda muke yi wa aiki."

"Ba a haife shi ba?"

"A'a."

"Yana da mata?"

Ta yi dariya ta ce, "In kana so sai in ba shi."

"Tabɗi! Mutumin da ba a haifa ba kin sa shi gaba, mata goma sha wani abu da ke zaune a ɗaka cikin takaba ba su samu ko kati ba. To, na'urarki ta ce yau nawa ga wata?"

Ta duba ta ce, "Biyu."

"Ɗaya ne. Jiya na gan shi da idona."

"A Kano biyu ne, Baba."

"Ai ga shi nan! Su can sun riga mu gani, mu nan sai jiya. Mutum ya mutu a can, matarsa tana nan. Na'urar ta san watan da za ta bi?"

"Ita lissafi take yi."

"Ta taɓa hawa tudu? Ki yi mata wurin da wanda ya gani zai ce an gani. Kafin nan ta zauna ta jira, kamar kowa."

Mariyama yarinya ce mai ladabi, amma ba ta ɓoye gaskiya. Ta ce, "Baba Malam, mai takaba ba ta fita, ba ta karatu, yawancinsu ba su da salula. Wa zai buɗe shafin? Kai kaɗai. Ba a gina irin wannan don mutum ɗaya."

Ya ce, "Ba don ni ba. Ni na kusa. Don wanda zai zo bayana."

Mariyama ta rubuta takaba a allo tare da sauran. Amma da aka ɗaga hannu, tarurruka suka zo farko, kasuwa ta biyu, rabon hatsi na uku, takaba can ƙarshen allo. In faɗi gaskiya, ni ma hannuna wajen kasuwa ya tafi. Lawali ya miƙe, ya zaro gwangwani ya ajiye a kan katin.

Ya ce, "Ki ajiye wa matar Mushe Isufu. Mutumin da ba ya ci ba ya sha, ba zai kai damina ba."

Direkta ya ja kujerarsa baya.

Yanzu kuma ga nawa abin kunyar. Bayan sati biyu zazzaɓi ya kwantar da Lawali, har aka kai shi gidan likita. Ya ba ni makullin ɗakin, ya ce gwangwanin farko daga hagu ne kaɗai ke bukatar a cire masa ƙwallo kowace magariba, sauran kada in taɓa. Na shiga. Ɗakin sanyi ƙalau a tsakiyar bazara, ga su jere a kanta, kowanne baki buɗe, kamar suna jiran in yi magana. Sai tsohon halina ya motsa. Na yi shekaru ina tsaron sito a bakin ruwa a Takoradi, ba na iya ganin kaya a karkace. Wannan ya lotse, wancan ya yi tsatsa, jerin ba tsari. Na aro guduma, na bubbuge su suka miƙe, na goge su da toka, na jera su daga babba zuwa ƙarami. Tsakuwa da ƙwallo ban taɓa ba. Har ina jin daɗi na yi wa ɗan'uwa abin kirki.

Da aka dawo da shi ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi kanta, ya dube ni.

Ya ce, "Alhaji, harshe nawa ka ce kana ji?"

Na ce, "Biyar."

"Ni ɗaya na rubuta da shi, ka zo ka goge."

Ya zauna ya yi ta juya su a hannu har ya gane yawancinsu. Amma zazzaɓin ya tafi da rabin abin da ke kansa, biyu suka gagare shi: na Rabi da na Hajara. Dukansu mazansu a Fatakwal suka rasu, tsakani kwana goma sha ɗaya, kuma direban da ya kawo labarin ya daɗe da barin hanyar. Saboda tsoron Allah ya sa su duka suka bi na nesa. Daga baya ta tabbata Rabi ce ta kusa. A cikin kwanakin ƙarin nan aka rubuta sunayen masu karɓar hatsi, kuma sai wanda ya zo da kansa. Rabi na ɗaka. 'Ya'yanta huɗu da tafasasshen ganye da dusa suka ƙarasa ranin.

Rabi ƙawar Mariyama ce tun suna tallar ƙosai. Mariyama ta je ta gan ta, ta ga abin da yaran ke ci. Washegari ta sake tara mu, ta goge allon da kanta. Ta rubuta lissafin takaba farko. Na biyu, wurin da mutum zai ce an ga wata, na wannan gefe da na wancan. Na uku, ranakun rabon hatsi. Saƙon kuma ya tafi salular wanda ke riƙe da lissafin, shi ya kai da ƙafarsa.

Direkta ya ce, "Haba Malama, tarurrukanmu fa?"

Ta ce, "Mushe, kai in ka manta taro, wani taron za a kira."

Da ta gama ginawa, yammaci uku suka yi a zauren Lawali suna kwashe lissafin daga gwangwani zuwa na'ura, ni ina gefe. Dole ya faɗi sunaye. Kowane suna sai ya sunkuyar da kai ya faɗe shi ƙasa-ƙasa, ya bi da istigfari, sannan ya juye gwangwanin cikin kwano.

A rana ta uku Mariyama ta fito da sabon kati ta ce, "Saura wanda zai riƙa buɗewa. Wane irin mutum ne?"

Lawali ya gyara zama. "Rubuta. Tsoho. Ya zaga duniya bai dawo da komai ba sai surutu. Harshe biyar, aikin yi babu. Yana da salula. Yana da guduma."

Na ce, "Kai, bawan Allah! Ni idona ma ba ya gani sosai."

"Ka tafi da masu ido. Kai ka zaunar da Rabi, Alhaji. Sai ka tsaya wa sauran."

Na ba Mariyama lambar salulata.

Muna shirin tashi Mariyama ta ga saura gwangwani ɗaya a gefen tabarma, sabo fil, an riga an zuba masa tsakuwa da ƙwallo.

Ta ce, "Wannan na wa?"

Ya ce, "Rubuta Haule."

Haule na tsakar gida tana daka. Muka ji taɓarya ta tsaya.

Mariyama ta ce, "Sai da ranar rasuwa, Baba. Na'urar ba ta karɓar suna ba rana."

"Alhaji zai kawo miki."

Bayan kwana shida na kai mata. Da hantsi ya rasu, yana zaune a zauren, ran da aka yi ruwan farko. Mun binne shi ƙasa na manne mana a ƙafa.

Wata huɗu na yi ina hawa tudu da mutum biyu masu ido, in sauko in shigar. Akwai watan da hadari ya rufe, kuma na sha'afa ban shigar da komai ba har kwana biyu. Na'urar ta tsaya cak, ta ƙi motsawa ko rana ɗaya. Na zauna ina kallonta, na ce a raina, wallahi wannan taurin kan na san mai shi.

Ran da lissafin Haule ya cika, saƙo ya shigo salulata da sassafe. Na sa hula, na ɗauki sanda, ina ta maimaita abin da zan faɗa a ƙofa. Ina yin sallama ta ce in shigo. Na tarar ta riga ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, tana zaune tana tsince wake.

Ta ce, "Ka makara, Alhaji."

Na ce, "Wa ya riga ni? Mariyama ce ta bugo?"

"Ba wanda ya bugo. Jiya da magariba na ji na goman ya faɗa."

"Na goman me?"

"Ƙwallon mana. Kwana goma ke nan, da an kira sallah sai in ji ƙwal daga ɗakinsa."

Na ce, "Haule, ai gwangwaninki..."

Ta ce, "Tun bayan sadakar arba'in na ba mai sayen gwangwan su duka, da ma a zaure kuka bar su. Kwanon ma ga shi can, kaji ke shan ruwa a ciki."

Na waiwaya, ga kwanon a gindin bango, kaza na sha. Makullin ɗakin kuwa yana aljihuna, tun ranar jana'iza ban ba kowa ba. Na laluba aljihu na taɓa shi. Ita ko ko a jikinta, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ta ce, "Kada ka ji haushi. Ba na'urar ce bai yarda da ita ba. Kai ne."

Muka yi dariya mu biyu, har ta sa gefen mayafi ta share ido, ni ma na juya ina gyara hulata.

Allah ka ji ƙan Lawali. Ya tsaya wa matan da ba su da mai tsaya musu, bai nemi ko godiya ba. Ka sanyaya masa makwanci, ka gajarta masa jira, ka yafe masa taurin kai, ni kuma ka yafe mini gudumata. Amin.